Usur ɗin Kwamanda Jabiru

Akwai wani mutum a Williamsville, cikin Adjamé ta birnin Abidjan, sunansa Jabiru. Amma idan ka shiga unguwar kana tambayar Jabiru za ka sha yawo. Ka ce Kwamanda, ko akuyar bakin titi za ta nuna maka ƙofarsa.

Ba soja ba ne, bai taɓa riƙe bindiga ba. A Treichville yake aiki, a wata babbar mangaza ta ajiyar shinkafa kusa da tashar jiragen ruwa. Shi ne mai tsayawa a tsakiyar fili da riga mai ƙyalli da usur a baki, yana yi wa manyan motoci jagora. Busa ɗaya, taho. Busa biyu, koma. Busa mai tsawo, tsaya cak. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki, kamiyo, wato babbar motar kaya, bai taɓa gogar bango a hannunsa ba. Wannan kam dole a ba shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, idan aka tashi aiki sauran ma'aikata sukan rataye rigunansu su koma gida su zama mutane. Shi Jabiru da usur ɗinsa yake komawa.

Gidan haya suke zaune, irin wanda ɗakuna tara suka zagaye tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya uku, gulma ba adadi. Matarsa Yasmin tana goyon jariri. Babbar 'yarsu Zuhura shekararta huɗu.

Kullum bayan la'asar, da Jabiru ya dawo, sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa, ya zazzage kayan wasa masu launi da ya sayo a kasuwar Adjamé, ya zauna bisa kujera ya harɗe ƙafa. Ya busa ɗaya, Zuhura ta taho. Ya nuna ja, ta ɗauki ja. Ya nuna shuɗi, ta ɗora shuɗi. Idan hannunta ya nufi wanda bai nuna ba, sai busa mai tsawo, yarinya ta sandare da hannu a sama kamar an ɗauke ta hoto.

Har takarda ya rubuta ya manna a bayan ƙofa, domin Yasmin ta riƙa bi idan ba ya nan. Ƙarfe tara, 'yar tsana. Ƙarfe goma, zane. Ƙarfe goma sha ɗaya, ƙwallo, sau ashirin.

Yasmin ta taɓa ce masa, “Baban Zuhura, ka lura kuwa? Yarinyar nan ba kayan wasan take kallo ba, bakinka take kallo.”

Ya ce, “Ai shi ake so. Yaron da ke kallon bakin ubansa ba ya ɓata.”

A ɗakin da ke fuskantar nasu akwai Inna Mero, mutuniyar Madawa, shekararta talatin a Abidjan. Tana sayar da aceke, wato dambun rogo, da soyayyen kifi a bakin ƙofar gidan. Jikanta Faruk, ɗan shekara biyar, a wurinta yake wuni saboda uwarsa na zuwa aiki.

Faruk ba shi da kayan wasa ko ɗaya na kanti. Abin da yake da shi gwangwanayen sadin ne, da murafen kwalba, da ƙwallayen mangwaro, da wani tsohon silifa da ba a san ina ɗan'uwansa ba. Tun safe zai tsuguna a lungun bayan murhun kakarsa yana gina gari. Shi ne direba, shi ne fasinja, shi ne ɗan sandan da ke tare direban. Yana magana shi kaɗai, yana faɗa shi kaɗai, yana sulhu shi kaɗai. Inna Mero tana can tana juya kifi, bayanta gare shi.

Wannan abu yana ci wa Jabiru rai fiye da kuɗin lantarki.

Wata Lahadi da safe ya fito da butarsa, ya yi tuntuɓe da gwangwani ɗaya. Bai faɗi ba, amma matan da ke wanki a famfo sun gani, ɗaya ta rufe baki da haɓar zane. Shi ke nan. Ya ɗauko tsintsiya ya share garin Faruk kakaf, tun daga tasha har asibiti, ya juye a kwandon shara.

“Inna Mero,” ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, “nan gidan mutane ne ko juji?”

Ta juya kifinta tukun, sannan ta ce, “Me jujin ya yi maka, Kwamanda? Bai ƙame maka ba da ka fito?”

“Kin saki yaro kamar ɗan akuya. Daga safe har yamma yana hira da gwangwani, ko waiwayensa ba ki yi. In reno ya fi ƙarfinki ki mayar wa uwarsa.”

“'Ya'ya bakwai na raina, duk suna tafiya da ƙafafunsu. Kai ɗaya gare ka da rabi, ka mai da gida bariki.”

Bai tsaya nan ba. Ya je ya kai ƙara wurin mai gidan, Alhaji Nomau, cewa tarkacen Inna Mero na kawo ɓeraye. Alhaji ya zo ya yi mata kashedi a gaban 'yan haya. Jabiru kuma ya samo alli ya ja layi a tsakar gida, irin wanda suke ja wa motoci a mangaza, ya ce wa Zuhura idan ƙafarta ta haye layin nan sai ta gane kurenta. Matar da ta ce masa abin ya yi yawa, ya ce mata ta fara koya wa nata 'ya'yan fyace majina. Wadda ta yi dariya, ya ce ɗanta ba zai wuce aji uku ba. Kafin azahar ya gama da ɗakuna takwas.

Inna Mero ta saurari kashedin Alhaji ta ce, “Na ji.” Sannan ta dubi Jabiru. “Famfo ɗaya muke sha, ƙofa ɗaya muke fita. Ni ba inda za ni, kai ma ba inda za ka. Ina nan.”

Faruk kuwa ya yi kuka na minti biyar, ya share ido, ya tsinto murafen kwalba uku ya soma sabon gari. Layin alli kuma kullum sai wata ta yi kuskuren watsa masa ruwan wanki, kullum sai Kwamanda ya sake ja.

Ana nan, bayan wata biyu, aka bugo waya daga Ƙonni cewa mahaifiyar Yasmin ba ta da lafiya sosai. Tafiyar kwanaki ce a mota, ga jariri. Aka yanke shawara ta tafi da jaririn ta bar Zuhura, sati uku.

“Za ka iya?” ta tambaye shi a tasha.

“Ina juya kamiyo arba'in a rana,” in ji Jabiru. “Yarinya ɗaya ce za ta gagare ni?”

Ranar Laraba da sassafe ya ɗauki Zuhura suka hau woro-woro, tasin haɗaka, zuwa tashar Adjamé, suka sake mota suka haye gada. Ya kai ta babbar kasuwar Treichville wurin yayarsa Tsahara, mai rumfar atamfa. Ya ba ta jakar kayan wasa da takardar bayan ƙofa.

Tsahara ta dubi takardar ta ce, “Wannan kuma na asibiti ne?”

“Yaya, ki bi shi kawai.”

Ita da ke da masu ciniki a gabanta, ina ta ga lokacin ƙwallo sau ashirin? Ta zaunar da yarinya a kan tabarma, ta zube mata kaya ta ce, “Yi wasanki, uwata.”

Zuhura ta dubi kayan. Ta dubi bakin gwaggonta.

“Gwaggo, wanne zan ɗauka?”

“Wanda kike so.”

“Wanne nake so?”

Tsahara ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Ba wasa ba ne. Ta miƙa mata ja, yarinya ta riƙe ja ta tsaya. “Gwaggo, na ɗauka. Sai me?” Tana auna yadi ana jan zanenta. Tana ba da canji ana jan zanenta. Da ta daina amsawa, Zuhura ta ɓare baki, kukan da ya sa mai rumfar gaba ta leƙo tana tambaya ko cizon wani abu ne.

Ranar nan sau tara Tsahara ta kira wayarsa. Ranar Alhamis sau goma sha huɗu. Da ya zo ɗaukarta da yamma, ya tarar an riga an ɗaure jakar.

“Jabiru, zauna. Ni na goya ka, don haka zan faɗa maka. Yaran kasuwar nan ƙyalle ɗaya ake jefa musu su wuni da shi. Taka an zuba mata kaya na dubbai tana tambayata wanne take so. Me ka yi wa yarinyar nan?”

“Tarbiyya na yi mata.”

“To ka tafi da tarbiyyarka. Yau mata biyu sun ajiye atamfa sun tafi saboda kuka. Ni ba usur ba ce.”

Ranar Juma'a ba shi da dabara, sai ya tafi da ita wurin aiki. Ya roƙi mai gadi ya bar ta a 'yar rumfarsa ta bakin ƙofa. Ya zaunar da ita a kan benci, ya ce, “Kar ki motsa sai na kira ki.” Ya sa rigarsa mai ƙyalli ya shiga fili.

Wajen ƙarfe goma wani dogon kamiyo maƙare da buhuna ya zo zai shiga da baya. Jabiru ya tsaya inda ya saba, ya ɗaga hannu, ya busa ɗaya. Taho.

Direba ya ji, ya taho.

Zuhura ma ta ji. Usur ɗin babanta ne, ta san shi a cikin dubu. Busa ɗaya, kuma tunda aka haife ta busa ɗaya ma'anarsa ɗaya ce. Ta sauko daga benci ta fito, mai gadi yana can yana duba takardun wata mota. Ta miƙe sak ta nufi babanta, ta bayan kamiyon, inda madubin direba ba ya gani.

Jabiru ya hangi 'yar riga ruwan ɗorawa tsakanin tayoyi. Bai san lokacin da ya busa ba. Busa mai tsawo, wadda ta ƙare da duk iskar da ke cikin ƙirjinsa.

Kamiyo ya tsaya cak. Zuhura ma ta tsaya cak, ƙafa ɗaya a gaba. Tsakaninta da ƙarfen bayan motar bai kai tsawon hannu ba.

Ya ruga ya sure ta. Ita kuwa ko a jikinta. Ta dube shi ta ce, “Papa, na yi daidai?”

Shugaban fili, Mushe Kuwasi, wato Malam Kuwasi da Faransanci, ya ga komai ta tagar ofis. Ya sauko, bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsoratar da Jabiru ke nan. Ya yi masa magana da Faransanci a gaban lebura da direbobi.

“Shekara goma sha ɗaya ban taɓa rubuta sunanka ba. Tafi gida yanzu. Ranar Litinin ƙarfe bakwai ina son in gan ka a nan kai kaɗai, kuma wayarka ta yi shiru har a tashi. In ba za ka iya ba, kar ka wahalar da kanka da kuɗin mota. Akwai mutum uku da ke jiran rigar nan.”

Asabar ta zo. Kwamanda ya wanke fuska ya soma bin ɗakuna.

Ɗaki na farko aka ce masa, “Ayya, mu da ba mu iya fyace majina ba?” Na biyu aka ce, “Kar ɗana ya shafa mata rashin wuce aji uku.” Na uku ba a ma buɗe labule ba, daga ciki aka ce, “Yako,” wato sannu, aka ƙara ƙarar rediyo. Sauran ɗakunan ma haka. Ya tambayi gidan renon yara na unguwa, suka ce a tsakiyar shekara babu gurbi. Ya kira Yasmin, ya ji muryarta a gajiye daga bakin gadon uwarta, sai ya ce lafiya lau suke, ya kashe.

Saura ɗaki ɗaya. Ya tsaya a bakin layin allinsa ya daɗe, sannan ya haye.

Inna Mero tana fere albasa. Ba ta ɗago ba.

“Inna, ina wuni.”

“Wa ke magana? Ina jin murya daga ƙasar waje. An buɗe iyaka ne?”

“Inna, taimako nake nema. Zuhura ce. Sati biyu da 'yan kwanaki kawai, daga safe zuwa la'asar.”

“A juji?”

Ya sosa ƙeya.

“Tambayarka nake. A jujin za ka ajiye 'yar Kwamanda? Wurin tsohuwar da reno ya fi ƙarfinta? Maimaita yadda ka faɗa ranar, na manta daɗinsa. Ɗan me ka ce na saki?”

Matan famfo sun daina wanki. Jabiru ya ce a hankali, “Ɗan akuya.”

“Ba su ji ba. Ranar da ƙarfi ka faɗa.”

“Ɗan akuya. Na yi kuskure, Inna. Aikina zai tafi.”

“Aikinka bai dame ni ba. Ko yau suka kore ka, kifina zai soyu.” Ta ajiye wuƙa. “Amma na ji abin da ya faru jiya, direban ƙanen mai kawo mini kifi ne. Saboda yarinyar zan yi, ba saboda kai ba. Kuma da sharaɗi.”

“Ko nawa ne.”

“Wa ya yi maganar nawa? Kawo usur.”

Hannunsa ya kai ƙirji. “Inna, kayan aiki ne.”

“To ka kai masa 'yarka ya raina.”

Ya ciro igiyar daga wuya ya miƙa. Ta jefa a cikin gwangwanin canjinta.

“Na biyu, gwangwanin sadin ashirin ka zubar wa jikana. Ka bi masu shago da masu burodi ka nemo ashirin, ka wanke, ka daddake bakinsu da dutse har ya zama ko harshe ka sa ba zai yanke ka ba.”

“A daddake?”

“Kana tsammanin haka nake ba shi su? Da ka duba kafin ka share da ka gani. Na uku, gobe tun safe ka kawo ta, ka zauna a bencin nan har la'asar. Kalma ɗaya ta fita daga bakinka zuwa gare ta, ko nuni da yatsa, ko ɗaga gira, ka ɗauki abarka ku koma bariki.”

Da yammacin nan mutanen Williamsville suka ga abin da ba su taɓa gani ba: Kwamanda da leda a hannu yana bin shaguna yana tambayar ko akwai gwangwanin da aka gama da shi. Wani mai shago ya ce masa, “Tonto,” wato kawu, “abin ya kai haka? In yunwa ce ga cikakke.”

Lahadi da safe ya kawo Zuhura. Inna Mero ta zaunar da ita a lungun bayan murhu, ta zube gwangwanaye ashirin a ƙasa, ta ajiye kofin ruwa kusa. Ta ce, “Ga ni nan, ina ganinki. Duk abin da ke nan naki ne da Faruk.” Ta juya ga kaskonta.

Shi kuma ta dire masa kwano cike da albasa da barkono, ta ba shi wuƙa. “Hannun da ba shi da aiki shi ke nuni. Yanka ƙanana.”

Zuhura ta dubi gwangwanaye. Ta dubi bakin babanta. Baki a rufe.

“Papa, wanne zan ɗauka?”

Ya sunkuyar da kai kan albasa.

“Papa. Papa, wanne?”

Ta soma kuka. Jabiru ya buɗe baki, sai Inna Mero ta ƙwanƙwasa bakin kasko da matsami sau ɗaya, ba tare da ta juyo ba. Ya rufe.

Albasa ta yi aikinta, hawaye suka wanke masa fuska. Wata mai sayen aceke ta ce, “Inna, yau har da sabon yaron shago? Me aka yi masa yake kuka?”

“An yi masa ritaya,” in ji Inna Mero. “Kifi nawa?”

Da kukan Zuhura ya yi tsawo, tsohuwar ta je ta share mata fuska da haɓar zane, ta ba ta ruwa, ta ce, “Ina nan,” ta koma. Ba ta ce ɗauki wannan ba, ba ta ce bar wancan ba. Faruk kuwa yana gefe yana ta rigima da wani direban da bai biya kuɗin tasha ba.

Jabiru yana yanka yana satar kallo, sai ya ga wani abu. Faruk ya ɗauki murfin kwalba ya nufi baki da shi. Inna Mero, bayanta gare shi, hannunta cikin mai, ta ce, “Faruku, sauke.” Yaro ya sauke. Jabiru ya duba da kyau. Ashe a jikin bangon gabanta akwai wani ɓallin madubin mota da aka ɗaure da waya, yana kallon lungun nan sak.

Wata biyu yana cewa ba ta waiwaye. Ashe ba ta buƙatar waiwaye.

Har azahar Zuhura ba ta taɓa komai ba. Ta yi kuka, ta yi barci a kan tabarma, ta tashi, ta ci aceke, ta zauna tana kallon Faruk. Jabiru ya je masallaci ya dawo zuciyarsa a jagule. Gobe Litinin. In haka za ta wuni, tsohuwar nan za ta kira shi kafin ƙarfe tara, kuma ya san da daɗi za ta kira.

Can wajen ƙarfe uku, Zuhura ta miƙa hannu. Ta tsaya, ta dubi babanta, tana jiran busa mai tsawo. Ba busa. Ta ɗauki gwangwani ɗaya, ta jujjuya shi, ta kifa a kanta kamar hula.

Yatsan Jabiru ya ɗaga da kansa. Ai ba a kai ake sa shi ba.

“Kwamanda,” in ji Inna Mero, “ina ganin yatsan nan a madubi.”

Ya mayar da yatsa cikin albasa.

Hular ta faɗo ta yi ƙara. Zuhura ta zabura, ta sake duban babanta. Shiru. Ta sake kifawa, ta sake faɗowa. A karo na uku ta yi dariya, wata irin dariya da ta fito tun daga cikinta. Jabiru ya tsaya da wuƙa a hannu yana ƙoƙarin tuna ranar da ya taɓa jin wannan dariyar a kan tabarmarsa. Bai tuna ba.

Minti goma ta yi tana wannan shirme, sannan ta gaji ta zo ta jingina da ƙafarsa. Minti goma kacal a wuni guda.

“Ya isa?” ya tambayi Inna Mero da la'asar.

“Ban sani ba. Shekara huɗu ka yi kana ɓatawa, kana son in gyara kafin magariba?”

“Usur ɗin fa? Gobe aiki.”

“Ka ara a can, ka bar shi a can. Wanda ya shigo gidan nan ya zama nawa.”

Litinin ƙarfe bakwai saura kwata yana bakin mangaza. Mushe Kuwasi ya dube shi, ya leƙa bayansa, ya leƙa rumfar mai gadi, sannan ya gyaɗa kai. Jabiru ya ari usur wurin mai gadi, wani tsoho mai ɗanɗanon goro.

Ƙarfe tara waya shiru. Ƙarfe goma sha ɗaya shiru. Ya ciro ta ya duba ko ta mutu ne, tana nan da ranta. Da azahar ya kasa daurewa ya kira.

“Inna, lafiya?”

“Wa ya rasu?”

“A'a, na ce ko tana kuka.”

“Ta yi, ta gama. Kana da wata magana? Mai na ƙonewa.” Ta kashe.

Aka tashi aiki, shugaban fili ya wuce shi ya ce, “Sai gobe.” Kalmomi biyu, amma Jabiru ya ji su har tafin ƙafarsa. Ya mayar wa mai gadi usur ɗinsa, ya rataye riga, ya fito wuyansa wayam.

Da ya shiga gida ya tsaya yana jiran a rugo a rungume shi. Ba wanda ya rugo.

A lungun bayan murhu an jera gwangwanaye layi biyu, an bar fili a tsakiya. Tsohon silifan nan an ɗora masa ƙwallayen mangwaro huɗu, Faruk yana jan shi da baya yana ƙugi da baki. Zuhura tana tsaye a tsakiya, gwangwani a ka, ledar burodi ruwan ɗorawa a rataye a ƙirji. A wuyanta kuma usur ɗin babanta ne, Inna Mero ta gajarta masa igiya.

Mangaza ce. Yini ɗaya ta gan ta, ta dawo da ita gida.

Jabiru ya matso ya tsuguna. Ya lura gwangwani ɗaya ya fita daga layi, in kamiyo ya taho a haka zai goge shi. Shekara goma sha ɗaya ba wasa ba ce. Hannunsa ya tafi zai gyara.

Sai busa mai tsawo.

Ya sandare da hannu a sama kamar an ɗauke shi hoto.

“Papa, tsaya can,” in ji Zuhura. “Kamiyo na dawowa da baya. Ba a shigowa.”

Matan famfo suka tuntsire da dariya, ɗaya har ta zauna cikin ruwan wanki. Silifa ya taho ya goge gwangwanin, layi ya rushe. Zuhura da Faruk suka tsaya suna gardamar laifin wa, sannan suka yanke cewa nan gaba a nan za a gina asibiti.

Ta busa biyu. Kwamanda ya ja da baya, ya zauna a benci.

“Inna,” ya ce, “na gode.”

“Riƙe godiyarka. Gobe ka zo da gwangwani biyar, sun ce mangazar ta yi musu kaɗan. Kuma tunda ka zauna, ga albasa.”

Har yau ba za a ce suna shiri ba. Ita tana kiransa Kwamanda mai ritaya, shi kuma idan ta ba da baya yakan ce tsohuwar nan bakinta ya fi barkononta zafi. Amma da Yasmin ta dawo ta tarar takardar bayan ƙofa ta zama jirgin ruwa, layin alli kuma ruwan wanki ya tafi da shi, ba wanda ya sake ja.

Darasi: Yaron da kullum kai ke gaya masa wanne zai ɗauka, ranar da ba ka nan ba zai san wanne yake so ba, kuma duk wanda ya busa masa zai bi. Ka gyara masa wuri, ka kawar da abin da zai ji masa ciwo, idonka na kansa, amma bakinka da yatsanka su huta. Ka bar shi ya sa gwangwani a ka, ya rushe, ya sake ginawa. Kuma kafin ka zagi renon maƙwabciyarka, duba bangonta ko akwai madubi. Ku tura wa iyayen da kuka sani, musamman wanda kuna karantawa kuna ganin fuskarsa. In kuma kun duba ba ku ga kowa ba, ku shafa wuyanku ku ji ko akwai igiya.